Saƙon da Ya Kwana a Hanya

Ciyaman ɗin 'yan kabu-kabu na tasharmu ta Sabon Birni ya zo gidanmu da kansa, ya zauna a zaure, ya ce a kira ni. Dattijo ne, abokin marigayi babanmu, don haka na zura hijabi na fito na durƙusa. Ko gaisuwar bai bari mun ƙarasa ba.

"Ɗiyata, an ce kin karanto na'ura Sakkwato. Muna son abin da za shi riƙa gaya muna in hanya na da lahiya."

A lokacin hanyar da ta tashi daga garinmu zuwa Isa ta riga ta lalace. Mutanen daji, kamar yadda muke kiran 'yan bindigar, su fito su tare ta, su kwashe mutane da babura su shige. 'Yan kabu-kabu ba su da abin dogaro sai bakin juna: wanda ya shigo tasha shi zai faɗi abin da ya baro. To amma labarin baki a tasha yake mutuwa. Wanda zai taso daga Kurawa ko daga wajen Tozai bai ji ba, sai ya afka.

Yayana yana cikinsu. Shi ne ɗan farin Inna, shi ya riƙe gidan tun rasuwar babanmu, kuma da wannan babur ɗin ya kai ni har na gama makaranta. Kullum da hantsi sai ya tura shi ya fita, Inna kuwa ko kallon ƙofa ba ta yi, saboda kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Amma na lura tun da hanya ta ɓaci, in ya fita ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ta yi ta sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Na ce wa ciyaman zan yi. Abin da na tsara ba shi da wuya a faɗa. Shafi ne na intanet da kowace waya za ta iya buɗewa. Ɗan kabu-kabu in ya wuce wani yanki na hanya, ya danna kore in lafiya, ya danna ja in ya ga abin tsoro, in yana so ya ƙara 'yar magana. Kowa ya buɗe ya ga launin hanyar kafin ya tayar da babur. Da yake sabis ɗin waya a wajenmu sai ya ga dama yake zuwa, na shirya shi yadda in ba sabis saƙon zai zauna a cikin wayar, da zarar ya samu ya tafi da kansa.

Sai dai ban fara da shafin ba. Da gwajinsa na fara, yadda aka koya mana. Wato in rubuta wata ƙaramar manhaja wadda aikinta kawai ta tuhumi babbar. Ita za ta ƙirƙiro 'yan kabu-kabu na ƙarya, ta aika saƙonnin ƙarya, sannan ta duba ko shafin ya nuna abin da ya kamata. In ya nuna daidai ta rubuta min layi kore, in ya kuskure ta rubuta ja ta nuna min wurin. Kuma in ɗaure su wuri guda, yadda duk gyaran da na tura sai gwajin ya tashi da kansa ya bi ta kansa, in ja ya fito gyaran ba zai isa wayar kowa ba. A makaranta don maki muke yin wannan. A nan kuwa na san wanda zai fara buɗe shafin nan da safe, uwarmu ɗaya.

Sauko da kayan gwajin kaɗai ya kusa sa ni kuka. Akwai wani tudu a bayan gari inda layin Nijar ke kamawa, layin Faransa in ji tsofaffinmu. Can Yaya ke kai ni da kwamfutata a goye cikin zane. In zauna a gindin wata aduwa in sa abu ya fara sauka, ya yi nisa, ya kusa ƙarewa, sai sabis ya ɗauke, a koma farko. Na zagi kwamfutar nan zagin da ban san na iya ba. Yaya yana kwance a kan babur, hula a fuska, yana dariya.

"Injiniya, ki bi ta a hankali. In ta yi hushi wa za shi gaya muna hanya?"

"Yaya, don Allah ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ki. Amma in kinka hwasa ta, ba ni da wata."

Da kayan suka sauka na zauna a ɗakin Inna na yi ta rubutu, ba ji ba gani, ina lallaɓa cajin da farantin sola ya tara. Gwajin farko mai sauƙi ne: mutum ya danna ja, hanya ta koma ja. Na biyu: mutum biyu sun saɓa, ɗaya kore ɗaya ja, to ja ke da rinjaye. Sai na wayar da aka danna sau biyu don yatsa ya zame. Sai wani da ke buɗe shafin da kansa kamar mutum, a fuskar ƙaramar waya irin ta 'yan tasha, ya lalubo maɓallin ya danna. Ranar da na ga layukan sun jeru kore daga sama har ƙasa, sai da na tashi na taka rawa ni kaɗai. Na aika wa ciyaman cewa abu ya kusa.

Komawarmu tudun ce ta rushe min murnar. Ranar mutane sun cika wurin, don sabis na gari ya yi kwanaki bai leƙo ba. Wasu 'yan kabu-kabu suka hawo tare, suna isowa wayoyinsu suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, saƙonnin da suka maƙale suna ta fita suna ta shiga. Tawa ma ta yi ƙara. Na duba, Yaya ne: wai ya iso Isa, in gaya wa Inna. Ga shi kuwa tsaye kusa da ni yana ɓare gyaɗa.

"Wanga ai na shekaranjiya na," ya ce, yana dariya. "Sai yanzu yat taho? Ya hi ni son hutu."

Ni ban yi dariya ba. Shafina yana ɗaukar saƙon da ya iso ƙarshe a matsayin labari mafi sabo. Ke nan mutum zai wuce da safe ya danna kore, saƙon ya kwanta a aljihunsa. Da rana mutanen daji su fito, wani ya gani ya danna ja. Da yamma na farkon ya hau tudu, tsohon korensa ya fita ya goge jan. Duk wanda ya duba a lokacin zai ga hanya lafiya, da hannuna na rubuta masa.

A gindin aduwar na rubuta gwajin. Na ƙirƙiro mutum biyu, na riƙe saƙon na farko na sake shi bayan na biyu. Na tayar da gwaji. Ja ya fito, yana gaya min hanyar da ya kamata ta zama ja ta koma kore.

Na zaci gyaran ɗan kaɗan ne, in sa shafin ya duba lokacin da aka rubuta saƙo maimakon lokacin da ya iso. Sai na karɓi wayoyin mutanen da ke wurin na dudduba agogonsu. Wata tana cewa dare ne, ga rana tsaka. Wata tana wata shekara da ta wuce tun ina firamare. A wajenmu ana cire batir a kai caji a shago, a mayar, ba wanda ke tsayawa saita agogo, don kiran salla ya ishe kowa sanin lokaci. Na rasa abin kamawa. Lokacin isowa ƙarya, lokacin waya ƙarya, kuma ga ciyaman yana jira.

Cikin kwanakin nan aka tare wata mota a hanyar Isa, aka tafi da mutanen ciki, har da wani ɗan kabu-kabu da ya biyo bayanta bai san abin da ke gaba ba. Ciyaman ya dawo zaurenmu, wannan karon bai zauna ba.

"An ce abin ya ƙare, ke kinka riƙe shi."

"Baba, bai ƙare ba. Gwajin na nuna ja."

"Wane gwaji? An gaya mani. Kin yi mutanen ƙarya suna hawan baburan ƙarya, kina tsaron lahiyarsu. Mu na gaskiya ana ɗibar mu awa kaji! Da kin sake shi, da yaron ga na gida yanzu."

Maganar ta soke ni, don mai yiwuwa gaskiya ce. Har yau ban san ko da na sake shi a ranar da yaron ya tsira ba. Amma ina da zuciya, kuma ta taso. Na manta a durƙushe nake, na miƙe.

"Baba, in nis sake shi hakanan, wata rana za shi ce maku kore alhali mutanen daji na bisa hanya. Yanzu in ba ku sani ba kuna tsoro, kuna dubawa. In abin ga ya ce maku lahiya, gudu za ku yi ku shiga hannunsu. Ba ni sakin shi. In kuna so ku ɗauki na'urar ku kai ma wani."

Inna ta yi gyaran murya daga cikin gida, alamar na wuce gona da iri. Yaya ne ya shigo tsakani, ya ba ciyaman haƙuri, ya raka shi waje. Da ya dawo ya tarar da ni ina kuka a bakin rijiya.

"Bari kuka, Auta. Yi abinki yadda kinka sani. Ni dai abin da kinka rubuta shi za ni bi, ko duniya ta ce ba haka ba."

Ya faɗa ne don ya kwantar min da hankali, bai san ƙara tayar min da shi ya yi ba. Daga ranar abinci ya daina shiga. Duk fitar da ya yi ina jin ni na tura shi ba tare da fitila ba, in kuma na tuna sakin shafin sai in ga ni zan tura shi da fitilar ƙarya. Na yi ta gwada dabaru, gwajin yana watsa min su. In gyara nan, can ya yi ja. Akwai ranar da na ɗora yatsa a kan gwajin nan guda ɗaya da ya ƙi ni, na ce in goge shi kowa ya huta, layuka su koma kore. Ba wanda zai sani. Na daɗe a haka kafin na janye hannuna.

Mafitar a wurin Inna na tsince ta, ba da saninta ba. Agogon bangon ɗakinta ya fi shekara yana gaba da lokaci, amma da shi take auna dahuwar wake, ta duba inda tsinken yake in ta ɗora, ta duba in za ta sauke. Agogon da ya ɓace bai san ƙarfe nawa ba, amma ya san tsawon jira. Sai na sa wayar ta riƙa duba agogonta sau biyu, lokacin da aka danna da lokacin da saƙon ya samu fita, ta aiko min da tazarar. Da wannan zan san daɗewar da saƙo ya yi a aljihu. In kuma an cire batir a tsakani har lissafin ya rikice, to a ɗauke shi tsoho kawai. Tsohon ja zai iya gargaɗi, amma tsohon kore ba shi da ikon canja launin hanya. Na ƙara launi na uku, ruwan toka, ma'anarsa ba sabon labari.

Na rubuta wa kowane hali gwajinsa: saƙon da ya kwana, wayar da aka cire wa batir, wayoyi da yawa da suka saki saƙo lokaci guda a kan tudu. Na tayar. Kore har ƙasa. Wannan karon ban yi rawa ba, alwala na yi na yi nafila.

Aka saki shafin. Ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta ɗaura eriya a kan dogon gora a tasha, ciyaman yana duba waya yana sanarwa. Ba a jima ba aka fara gunaguni, don mafi yawan lokaci ruwan toka yake nunawa. Suka sa masa suna "ba mu sani ba". Wani ya ce min ko kakarsa makauniya ta iya wannan duban. Na ce masa to ya riƙa tambayarta. Amma ranar da ya nuna ja suna tsayawa, ranar da ya nuna kore suna tafiya su dawo, har ciyaman ya fara amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ranar da Yaya ya fita ta ƙarshe, hanyar Tozai ruwan toka ce. Wata tsohuwa ce aka sallamo daga asibiti, tana son komawa gida, ta zauna a tasha tun safe ba wanda ya ɗauke ta. Ya biyo gida shan ruwa da ita a baya. Na nuna masa wayar.

"Yaya, ba labari hwa."

"Na gani. Toka ba ja ba ta, Injiniya. Wani za shi hwara bi kahin a samu labarin. Za ni kai ta in dawo, in danna maki korenki."

La'asar ta yi bai dawo ba. Magariba ta yi. Na kira wayarsa har batirina ya mutu, ba ta shiga. Inna ta share tsakar gida, ta sake sharewa.

Washegari da hantsi ina tasha, tsaye a bayan rumfa inda mata ba su saba tsayawa ba, ban damu ba. Abokansa sun haɗu za su bi sawu, ga kuma masu zuwa cin kasuwa ta wannan hanyar sun ɗaure kaya suna jiran a ce musu wani abu. Sai wayar ciyaman ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga murya.

"Shi na! Ya danna kore! Ya ce lahiya!"

Tasha ta kaure da kabbara, wasu har sun tayar da babura. Na kutsa cikin maza na fizge wayar daga hannun dattijon. Saƙon Yaya ne, ba shakka, har da maganarsa: "Hanya lahiya, Auta. Gaya ma Inna ina tahe." Amma hanyar tana nan ruwan toka, ba ta motsa ba. A ƙarƙashin saƙon shafin ya rubuta abin da na koya masa ya rubuta: tsohon labari, an danna shi jiya da rana.

Wallahi na so shafin nan ya yi ƙarya. Na tsaya ina kallonsa ina roƙon Allah ya sa kuskure ne, ya sa akwai wani hali da ban gwada ba. Amma na san na gwada. Ni na rubuta wannan gwajin a gindin aduwa, shi yana gefena yana cin gyaɗa. Abin da saƙon ke nufi kawai shi ne wayarsa ta ratsa wani wuri mai sabis, a aljihun wanda yake riƙe da ita yanzu.

"Baba, na jiya na," na ce. "Kar kowa shi bi."

Ciyaman ya dube ni, ya dubi wayar, sannan ya daka tsawa a kashe babura. Kafin azahar labari ya iso ta bakin wani makiyayi da ya zagayo ta daji: mutanen daji suna kan hanyar tun jiya, ba su tashi ba, suna jiran masu kasuwa. Ba wanda ya bi ta ranar. Mutane sun yi ta zuwa suna sa min albarka, ni kuwa ko fuskokinsu ba na gani.

Kafin in isa gida wata maƙwabciya ta riga ni da albishir. Na tarar da Inna tsaye a tsakar gida, tsintsiya a ƙasa. Tana ganina ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da bakinta, a gaban mutane, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"An ce ya yi magana? An ce shina tahe?"

Da zan iya da na ce mata e. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, saƙon na jiya na. Kahin abin shi hwaru yar rubuta shi." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta.

Tsohuwar da ya ɗauka an sako ta, don ba ta iya tafiya. Ta ce ya tsaya a hanya ya danna waya, kafin su isa Tozai aka tare su, ta ga an wuce da shi da ƙafafunsa. Iyakar abin da muka samu ke nan. Damina ta wuce, wata ta zo, mun bi duk inda aka ce mu bi.

Shafin yana nan yana aiki, har an ƙara hanyoyi. Ƙa'idar aikinmu ita ce duk abin da ya taɓa faruwa da gaske a mayar da shi gwaji, don kada wani gyara na gaba ya ɓata shi ba a sani ba. Na cire sunansa da lambarsa na saka saƙon a ciki, kalmomin kuwa na kasa taɓa su. Yanzu duk gyaran da na tura, kome ƙanƙantarsa, gwajin zai tashi da kansa, Yaya ya ce hanya lafiya yana tafe, shafin ya ƙi yarda da shi, layin ya fito kore.

Wani lokaci in ina aiki a ɗakinta, Inna takan zauna a bakin gado ta ce, "Ke, karanta mani abin nan na wancan."

Ranar farko na ce, "Inna, kin san tsoho na."

"Na sani," ta ce. "Karanta dai."